Yadda Fiyano Ya Mai Da Ni Tabarma

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mai rawar Turai da makaɗinta suka zo makarantarmu ba, kuma ko na so in manta ba za a bar ni ba. Sunan da na samo a ranar shi ake kirana da shi har gobe. 'Yan aji ɗaya ma da suka shigo bana, waɗanda ba su ga komai da idonsu ba, in na wuce sai in ga suna zungurar juna suna cewa, "Ita ce." To gara in ba da labarin da bakina, don Binta, ƙawata da muke zama benci ɗaya, duk lokacin da ta ba da shi sai ta ƙara masa gishiri.

Da farko dai ku san ko ni wace ce. Ni ce yarinyar nan da in malama ta jefo tambaya, sai wani aikin gaggawa ya taso mini a ƙarƙashin tebur. Na san amsar sarai, amma tsakanin cikina da bakina akwai tafiya mai nisa. Abin da na iya shi ne kallo. Ina gane kowace malama da ƙarar takalminta tun tana baranda. Na san fankar da ke kuka a ajinmu, na san wadda ke juyi kawai ba iska. Na lura malamar lissafi, 'yar Indiya, duk ranar da ta ɗaura koren mayafinta to akwai gwaji. (Binta kaɗai na gaya wa wannan, kafin a fita tara duk aji ya sani.)

A hannun kakata na tashi, Iya, wadda ta haifi Babana, a gidanmu da ke bayan Gobarau. Iya ba ta da faɗa, amma a kan gaisuwa ba ta da wasa. Tun ban iya ɗaura zane ba take karanta mini: "Ɗiya mai tarbiyya, kanta ba ya hin na babba bisa. In yana tsaye ki rusuna. In ya zauna ki durƙusa. In ya duƙa ki hi shi duƙawa. Kuma ba ki tashi sai ya tashi, ko ya ce maki tashi." Abin ya shiga jikina har ba sai na yi tunani ba. Gwiwoyina da kansu suke gane babba, su lanƙwashe kafin idona ya gama tantance ko wane ne. Na taɓa durƙusa wa rigar Babana da aka shanya a igiya, da magariba, har da "sannu da dawowa". Iya tana kallo, ta ce ba laifi, gara a yi wa riga da a ƙi yi wa mai riga.

Bara ne abin ya faru, shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi Babana ya sayo sabon babur da rediyo mai cin kaset. Kuɗin mai sun shigo gari. In muka bi ta Ƙofar 'Yandaka da safe za mu makaranta, sai mu yi ta kauce wa motocin siminti da mutanen ƙauye masu sauri zuwa wurin gini, kowa da kwanon abincinsa a ƙulle. Makarantarmu ma ta samu rabonta. An yi mana fenti, an ɗaura fankoki, an kuma kawo lasifika, wadda shugabar makaranta ta ƙaunata har ko ɗankwali aka tsinta sai ta sanar da shi ta ciki.

Abu ɗaya ne bai sabunta ba: tsohon fiyano, akwatin kiɗan nan na Turawa, da ke kusurwar dandamali a babban ɗakin taro. An ce wata Baturiya da ta taɓa shugabantar makarantar ce ta bar shi. Baƙi ne, ya fi ni tsawo kaɗan, an rufa masa ƙyalle an ɗora masa furen roba. Murfinsa a kulle, makulli yana ofis, kuma tun da na shigo ban taɓa ganin an buɗe shi ba. Ni da Binta ne ke sharar ɗakin. Wata rana ina jan benci ya bugi gefensa, sai na ji ya yi wani gurnani daga can ciki, a hankali, kamar wanda aka tasa daga barci. Na tsaya cak da tsintsiya a hannu. Daga ranar na kamu. Kullum in na zo gefensa sai in ɗan buge shi da gindin tsintsiya, wai kuskure ne, in kara kunne. In Binta ta fita zubar da shara, sai in leƙa ta tsagar murfin in hango haƙoransa, farare da baƙaƙe a jere. Ba ni da wani buri a makarantar nan da ya wuce in ɗora yatsana a kan haƙori ɗaya in danna. Ɗaya tak. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don wa zai fahimci yarinyar da ke son katako?

Sai ga sanarwa ta lasifika: gwamnati ta gayyato baƙi daga Turai suna zagaya manyan garuruwa, kuma za su tsaya a wurinmu don mu ne muke da fiyano. Mace ɗaya ce mai rawa, da tsoho mai kaɗa mata. Malama Hadiza, malamarmu ta Turanci, ta ce sunan rawar bale, kuma a kan yatsun ƙafa ake yin ta.

"A kan yatsu?" in ji Binta. "Kamar mai satar nama a tukunya?"

"Kamar wadda za ta yi shara sau biyu yau," in ji Malama.

Da safen ranar aka tura mu mu share ɗakin taron. Muna shiga idona ya faɗa kan kusurwar dandamali. An buɗe fiyano, ba murfin kaɗai ba, har cikinsa. Wani tsohon Bature mai farin gashi, wuyansa ya yi jawur don zafi, ya naɗe hannun riga yana ɗaure wayoyin ciki da wani ƙarfe. A gefensa ya tara abin da ya ciro: ɓawon gyaɗa, tsumman da ɓera ya yi gida da shi, da wani cokali da ba wanda ya san yadda aka yi ya shiga. Ya danna haƙori ɗaya, ya karkata kai, ya ɗaure, ya sake dannawa. Ni kuwa na share wuri ɗaya har siminti ya kusa hujewa.

Ya ɗago ya gan ni. Ya yi murmushi, ya nuna haƙoran fiyanon, ya yafuto ni da hannu.

Kun san abin da na yi? Na durƙusa, na miƙe, na ruga waje da tsintsiyata. Abin da na yi ta mafarkinsa ya kira ni da kansa, na gudu. Na tsaya a bayan aji ina cizon yatsa, Binta ta iske ni.

"Ke wai aljani kika gani? Tsohon nan ko kaza ba zai iya kamawa ba."

Na san gobe za su wuce, a mai da murfi a kulle, furen roba ya koma mazauninsa har in gama makaranta.

Bayan la'asar ɗaki ya cika. A layin gaba an jera kujeru masu laushi, ga shugabar makaranta, ga manyan ma'aikatan ilimi da matansu, ga Alhajin da ya yi kwangilar fentinmu, turarensa ya kai har benci na baya inda na maƙale. Malama Hadiza ce tafinta, tana riƙe da abin magana na lasifika mai doguwar waya. Ta ce baƙin sun ce ba kallo kawai za mu yi ba, da mu za a yi wasan.

Tsohon ya zauna, ya girgiza yatsunsa, ya sauke su. Ban san yadda zan faɗa muku ba. Duk gurnanin nan da na yi ta roƙo da gindin tsintsiya, ashe bakin rijiya kawai nake leƙawa. Sauti ya zubo kamar an kwance ruwa, wani siriri yana gudu a sama, wani mai kauri yana takawa a ƙasa.

Sai ga ta ta fito. Madam muke ce mata, don sunanta ya fi ƙarfin harshenmu. Siririya, doguwa, cikin farar riga mai tattara har ƙwauri.

"Gidan sauro ta ɗauro," Binta ta raɗa mini.

Amma da ta miƙe a kan yatsunta ta fara tafiya kamar ba ta taɓa ƙasa, Binta ma ta yi shiru, abin da ba a saba gani ba. Ni na lura takalmin yana ɗan ƙara, ƙwas-ƙwas, a ƙarƙashin kiɗan, alamar bakinsa da tauri. Na lura kuma tsohon ba ya kallon hannunsa ko kaɗan, ita yake kallo. In ta ɗaga hannu sauti ya hau, in ta sauke ya sauko.

Daga nan aka raba mu biyu. Ɓangaren dama su ne iska: in tsoho ya kaɗa siraran haƙora, su ɗaga hannu su yi ta lilo suna "shuuu". Mu na hagu mu ne tsawa: in ya koma kan masu kauri, mu buga ƙafa a ƙasa. Madam kuwa balbela ce da hadari ya tarar a hanya. Wayyo daɗi. Iska ta taso, balbela ta yi ta juyi, muka saki tsawa har ƙura ta tashi daga inda Binta ta ce ta share. Alhajin fenti, da ya zauna a dama, sai ga shi yana buga ƙafa tare da mu, matarsa na zungurinsa wai shi iska ne. Bayan wannan tsoho ya ce mu rera masa waƙarmu. Aka yi ta noƙe-noƙe, sai 'yan aji biyar suka ɗauko waƙar gaɗa da tafi. Ya saurara, ya laluba da yatsa ɗaya, ya kuskure, muka yi dariya, ya sake. Kafin mu kai amshi na gaba ya kama ta da hannu biyu. Waƙar da muke yi a dandali da farin wata, ga ta tana fitowa daga cikin katakon Turawa. Ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya. Na ga ɗankunnen shugabar makaranta yana rawa ko da yake ita ta daure fuska.

Akwai abin da na lura da shi tun farko, kuma shi ne ya kai ni ya baro. Duk lokacin da Madam ta gama rawa, sai ta matso bakin dandamali, ta mai da ƙafa ɗaya baya, ta rusuna, ta sunkuyar da kai wajen layin gaba. Na ce a raina: Allah sarki, manya take gaisarwa. Ashe Turawa ma suna da Iya.

Da aka zo ƙarshe, Malama Hadiza ta ce, "Yanzu Madam tana son ɗaliba ɗaya ta hau su yi rawa tare. Wadda ta fito kuma, ita za ta danna haƙorin ƙarshe na fiyano ta rufe taro."

Rabin farko na maganar bai shiga kunnena ba. Rabin ƙarshe ne ya shiga, ya wuce kai tsaye zuwa hannuna.

"Ke," in ji Binta, "hannunki ne wancan a sama, ko hammata ke miki ƙaiƙayi?"

Hannuwa da yawa sun tashi, na manyan 'yan mata masu baki, waɗanda suka saba fitowa wasan kwaikwayo. Na fara jin sanyi a raina cewa ba za a gan ni ba, kuma na fara sauke nawa a hankali. Sai tsoho ya miƙe, ya kare ido da tafin hannu, ya bi benci-benci. Ya tsaya a kaina. Ya yi alamar shara da hannu biyu, ya nuna ni.

Ɗaki ya yi "kai", don akwai 'yan ajinmu da ba su taɓa jin muryata ba. Binta ta tura ni. Ban san yadda na ratsa tsakiyar ɗakin nan ba. Na dai san da na isa matakalar dandamali na cire takalmana na jera su a gefe, don ba a shiga wurin manya da takalmi. Aka ɗan yi dariya. Wannan somin taɓi ne.

Na hau. Madam ta tako wajena tana murmushi, kuma a nan ne idona mai gani ya cuce ni. Daga benci na baya na ɗauka budurwa ce. Da ta matso sai na ga furfura a gefen kunnenta, an shafe ta da mai an ɗaure baya. Na ga tamoji a wuyanta da gefen idonta, hoda ta kwanta a ciki. Matar nan ta girmi Innata nesa ba kusa ba. Gwiwoyina suka fara shirin aikinsu.

Ta riga ni. Ta mai da ƙafa baya, ta buɗe hannu, ta rusuna. Ba wajen shugabar makaranta ba, ba wajen Alhaji ba. Wajena. Babbar mace mai furfura ta rusuna mini ina tsaye ƙiƙam a kanta, a gaban duk Katsina.

Na ji muryar Iya kamar tana bayana. Na zube a kan gwiwa ɗaya.

Madam ta ɗago ido ta gan ni a ƙasa da ita. Girarta ta ɗaga. (Daga baya na gane ta zaci wasa na kawo, kuma ita ba a kawo mata wasa ta ƙi karɓa.) Ta ƙara sauka, sannu a hankali, har gwiwarta ta kusa taɓa katako. Tsoho, da yake ita yake kallo, ya bi ta da sauti, dun, dun, dun, yana gangarawa hagu.

Kanta ya koma ƙasa da nawa. Na sa gwiwa biyu, na zauna a kan dugadugaina, na sunkuya. Bakina kuma, wanda ya ƙi buɗewa a aji tun da na shigo makarantar, ya zaɓi wannan lokacin ya buɗe.

"Ina wuni."

Madam ta zauna a ƙasa gaba ɗaya, rigar ta baje kewaye da ita kamar faifai, ta kwantar da kai a kan gwiwarta, hannuwa a miƙe. Kyakkyawan abu ne, na ji an fara tafi. Tsoho ya ƙara gangarawa. Ni ba kyau nake gani ba, tsawo nake aunawa, kuma ta sake fin ni ƙasa. Na kafa gwiwar hannu a katako, na kai haɓata kusa da ƙasa.

"Ina gajiya. Ya baƙunta."

Dariya ta fara tashi daga baya kamar tafasar tukunya. Madam ta leƙo ni ta ƙarƙashin hannunta, idonta yana ƙyalli. Sai ta yi abin da ban taɓa sanin jikin ɗan Adam yana yi ba. Ta miƙe ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, ta tsage har ƙasa kamar an buɗe almakashi, ta kwantar da ƙirjinta a kan ƙafar, kuncinta a katako.

Jama'a, me ya rage mini? Na miƙe ƙafafuna baya na kwanta rub da ciki, shame-shame, da kayan makaranta da komai.

"Ya mutanen gida."

Tsoho ya kai haƙorin ƙarshe na hagu, ya danna shi, duuum. Ya sake kai yatsa gaba, babu sauran haƙori. Ya ƙwanƙwasa katakon gefe, ya leƙa ƙarƙashin fiyano kamar mai neman inda sauran suka faɗa, ya ɗaga hannu sama alamar shi kam nasa sun ƙare.

Ɗaki ya fashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Benci yana ƙara, wasu suna faɗowa, 'yan tsawa suna buga ƙafa ba wanda ya sa su. Ni kuwa ina kwance, kuncina a kan katako mai ɗumi, hancina kusa da na Madam. Ina ganin zufa tana gangara mata ta cikin hoda. Ta bayan kanta ina hango ƙarƙashin fiyano, ga ƙura da ɓawon gyaɗa guda da ban share ba da safe saboda gudun da na yi. Har a wannan hali sai da abin ya dame ni.

Aka yi dariya aka gaji, aka fara jira mu tashi. Ba wadda ta motsa. Ni ina jiran babba ta tashi. Ita kuma tana nan tana murmushi tana kallona. Tafi ya mutu. Wani ya yi tari. Fankar da ke kuka ta ci gaba da kukanta.

Na ji ƙarar takalmin Malama Hadiza tana hawowa, na gane shi ko ban ɗago ba. Ta duƙa a kaina ta yi ƙasa da murya.

"Ke, tashi mana. Me kike jira?"

Na raɗa mata, "Malama, ai ba ta tashi ba. Ta girme ni, har furfura gare ta."

Abin da ni da Malama muka manta shi ne abin maganar yana hannunta, daidai bakina. Sabuwar lasifikar gwamnati ta ɗauki raɗata ta kai ta kowace kusurwa, har masu sayar da gyaɗa a bakin ƙofa sun ce sun ji. Karo na farko da makaranta ta ji muryata ke nan.

In dariyar farko tafasa ce, wannan tukunyar ce ta kife. Alhajin fenti ya cire hula yana share hawaye da ita. Shugabar makaranta ta rufe fuska da takardar shirin taro, kafaɗunta suna rawa. Daga can baya na ji muryar Binta, ba ta ko buƙatar lasifika: "A naɗe tabarma, baƙi sun tashi."

Madam ta tambayi Malama abin da na ce, tana kwance. Malama ta yi mata bayani da Turanci, tana yi tana cije leɓe. Na ga fuskar matar ta canza. Ta kai hannu ta taɓa gefen kunnenta inda furfurar take, sannan ta fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, duk jikinta yana girgiza a kan katako. Ta faɗi wani abu, Malama ta juya ga jama'a.

"Madam ta ce ta yi rawa a ƙasashe da yawa, amma ba a taɓa gaya mata ta tsufa cikin ladabi irin na yau ba. Ta ce su a wurinsu mai rawa tana rusuna wa abokiyar rawarta ne don godiya, kuma ba ta so ta tashi ta bar yarinyar a ƙasa. Ni kuma na ce da ban hawo ba, da nan za su kwana."

Sai Madam ta tattara ƙafafunta ta miƙe tsaf, kamar ba ita ce a tsage ba. Ta miƙo mini hannu biyu. Ta kalli Malama ta tambayi yadda ake faɗa, sannan ta dube ni ta ce da Hausarta mai rawa, "Tashi."

Na tashi. Gaban rigata duk ƙura, shaidar irin sharar da muka yi.

Rawar da muka yi bayan nan ba zan iya ba da labarinta ba, don ban san na yi ta ba. Ta riƙe hannuna sama ta juya ni, ƙafafuna ba takalmi suna ɗas-ɗas kusa da nata. Na dai lura akwai filasta a idon sawunta, ta ɗan leƙo ta saman ɗaurin takalmin, kuma hannunta da ƙarfi kamar na mai daka. Abin da na fi tunawa shi ne lokacin da ta ja ni zuwa kusurwa, tsoho ya matsa ya ba ni gefen kujerarsa.

Ga su a gabana, ba ta tsaga ba. Ashe fararen ba farare ba ne sosai, sun yi ruwan ƙwai kamar haƙoran mai cin goro, ɗaya ma ya ɗan ɓare a baki. Tsoho ya bi su da hannu daga dama zuwa hagu, ya tsaya a na ƙarshe, wanda ya ƙare a kansa ɗazu. Ya nuna shi, ya nuna ni, wato wannan ai naki ne. Ɗaki ya yi tsit, har Binta.

Na goge yatsana a jikin riga, na ɗora. Da sanyi, da santsi. Na danna.

Ban ji shi da kunne kaɗai ba. Ya bi ta yatsana ya hau hannuna, ya sauka cikina, na ji shi har a tafin ƙafata ta cikin katako. Gurnanin nan ne dai da na sani, amma yau ya buɗe baki ya amsa mini sosai. Na ƙi ɗaga yatsan har sai da sautin ya tafi can ya ɓace don kansa. Tsoho bai hanzarta ni ba. Da aka fara tafi sai na ga ina murmushi, haƙora duka a waje, a gaban mutane, ni.

Kafin in kai gida labari ya riga ni, don ƙanwar Binta ta bi ta lungu da gudu. Na tarar da Babana a zaure yana goge babur, yana ganina ya juya baya kafaɗunsa suna motsi. Na shiga na durƙusa gaban Iya tana tsinkar zogale. Ba ta ɗago ba.

"An ce kin kwanta gaban mutane."

"Eh, Iya."

"Mi ya kai ki?"

"Ita ta fara duƙawa. Kuma babba ce."

Ta ajiye reshen da ke hannunta, ta dube ni sosai.

"Wa ya hwara tashi?"

"Ita."

"To, madalla." Ta ci gaba da tsinka. Can ta ce, "Amma matar nan ɗiyar gidan mutunci ce. Har ƙasa, kika ce? Ko wa ya rene ta, ya iya reno."

Washegari aka mai da murfi aka kulle, furen roba ya koma wurinsa. Har yanzu ni ke sharar ɗakin, kuma yanzu har ƙarƙashin fiyano nake kai tsintsiya. Na daina bugunsa, mun riga mun gaisa. Suna kuwa ya bi ni: Tabarma. Malamai ma wani lokaci sai sun kama bakinsu. Abin mamaki, tun ranar nake ɗaga hannu a aji jefi-jefi, don wadda ta tambayi Baturiya mutanen gida tana kwance rub da ciki, kuskuren lissafi ba zai kashe ta ba.

Ladabi dai ban fasa ba, Iya tana nan da ranta. Sai dai yanzu kafin gwiwoyina su yanke hukunci, nakan ɗan tsaya in duba ko wanda ke gabana lanƙwasa ce sana'arsa. In ita ce, sai in rusuna sau ɗaya in tsaya a nan, don na gwada na gani: ƙasa tana da iyaka, haƙoran fiyano ma suna da iyaka, amma Madam ba ta da ita.